Wane ne a cikin ƙaton tsuntsun nan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara biyar ya kamu da son Big Bird, ƙaton tsuntsun nan ruwan ɗorawa na shirin Sesame Street. Kullum sai ya tambaye ni wai ko mutum ne a ciki. Na ce masa inji ne, amma ni ma zato nake yi. Don Allah a warware mana. Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumussalam, Hajiya. Ki koma ki gyara wa yaro zance, mutum ne. Wanda ya fi daɗewa a ciki sunansa Caroll Spinney, Ba'amurke. Ya shiga rigar tun 1969, shekarar da aka fara shirin, bai ajiye ta ba sai 2018. A 2014 aka fitar da fim ɗin tarihin rayuwarsa, I Am Big Bird, kuma sau biyu na kalle shi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wahalar aikin. Tsuntsun ya haura ƙafa 8. Spinney yana tsaye a ciki, hannunsa na dama a miƙe sama da kansa, da shi yake riƙe kan tsuntsun yana buɗe baki, ɗan ƙaramin yatsansa yana motsa fatar ido. Hannun hagu na cikin fiffike. Ba ya ganin waje, sai ta wata 'yar talabijin da aka ɗaure masa a ƙirji. Ki gwada ɗaga hannu na minti biyar, Hajiya, sannan ki tuna shi shekara 49 ya yi.

Da farko dolo aka tsara tsuntsun. Spinney ne ya ga gara ya zama yaro mai tambaya da mamaki, kamar ɗan shekara shida. Ina ganin shi ya sa ɗanki yake jin sa kamar abokin wasansa.

Fim ɗin ya ba da labarin yadda aka so a tafi da shi sararin samaniya cikin kumbon Challenger, girman rigar ya hana. Kumbon ya tarwatse ranar 28 ga Janairu, 1986. Wannan wurin kada ki nuna wa yaro tukuna.

Spinney ya rasu a Disambar 2019 yana da shekara 85. Yanzu Matt Vogel ne a ciki, wanda ya daɗe yana koyon aikin a hannunsa. In sababbin shirye-shirye ɗanki yake kallo, muryar Vogel yake ji.