Karan lofe da shekarun kufai

Tambayarka ita ce: "Malam, mun tono guntayen farin lofen taba na Turawa da fasassun tangaran a rami ɗaya. Yaya zan gane shekarun wurin? Kuma Turawa ne suka zauna a nan?"

To ɗana, fara da lofen. Wanke guntayen da ruwa da burushi mai laushi, ka tsokale ƙasar da ta toshe hudar karan. Sai ka nemi tsinkayen injin huda masu kaurin 4/64 zuwa 9/64 na inci, ka riƙa zura gindinsu a hudar a hankali. Wanda ya shiga daidai ba tare da tilas ba, shi ne awonka. A 1954 Harrington, masanin tonon kayan tarihi ɗan Amurka, ya lura cewa hudar lofen Ingila tana ƙara tsukewa da tafiyar zamani, daga wajen 9/64 a farkon ƙarni na 17 zuwa 4/64 a ƙarshen na 18. Wani masanin, Binford, ya mayar da wannan lissafi a 1962: ka fitar da matsakaicin awon guntayen (lambar sama kawai, kamar 6 a 6/64), ka ninka da 38.26, ka ɗebe daga 1931.85. In matsakaicin 6 ne, ka sami wajen 1702.

Ga inda ake yin tuntuɓe. Guntaye biyar ko goma ba sa isa. Da lofen Ingila aka gina lissafin, don haka na Holan yana ɓatar da kai, kuma bayan wajen 1780 ba ya da tabbas. Mafi muni shi ne haɗa kayan shimfiɗar ƙasa biyu a jaka ɗaya. Da zarar launin ƙasa ya sauya, tsaya, ɗauko sabuwar jaka, rubuta lamba.

Tangaran kuwa, dubi inda ƙyallin ya taru a gindin kwano. In ya yi ruwan ɗorawa-ɗorawa, irin da aka fara yi a Ingila wajen 1762 ne. In ya yi shuɗi-shuɗi, na wajen 1780 ne zuwa gaba. Abu mafi sabunta a shimfiɗa shi ke da magana: ƙasar ba ta rufe kafin a ƙera shi ba, amma tana iya rufewa da daɗewa bayan haka, domin kwano mai daraja yakan yi shekaru a ɗaki kafin ya fashe.

Tambayarka ta biyu ce ta fi damuna, kada ka yi mata gaggawa. Kaya na tafiya inda maƙerinsu bai taɓa takawa ba. A Elmina ta Ghana, inda Fotugal ta gina ganuwa a 1482, Holan ta ƙwace a 1637, Ingila ta ragargaza garin a 1873, tonon da masani DeCorse ya yi ya fito da tarin tangaran da kwalabe na Turai a gidajen 'yan ƙasa, waɗanda suka ci gaba da binne matattunsu a ƙarƙashin daɓen gida. Saboda haka ƙirga tukwanen gida kamar yadda ka ƙirga na waje, ka ware ƙasusuwa da ɓawon halittun ruwa irin su dodon koɗi, ka duba ko kwanuka masu zurfi sun fi farantai yawa, domin waɗannan ne za su nuna maka irin cimar mazauna wurin.