Na haddace kod ɗin jazz, amma in na saki hannu ba armashi

Tambaya: Malam, ina kaɗa fiyano a wani situdiyo a Jekadafari, nan Gombe. Na haddace kod ɗin jazz (wato tarin amon da ake dannawa tare) da dama, amma da an ce in saki hannu in ƙirƙiri nawa nan take, sai in yi ta hawa da sauka, abin ba armashi. Ina matsalar take?

Amsa: Ƙanena, hannunka lafiya lau. Kunnenka ne bai riga ya gane inda kowane kod ya dosa ba.

Ƙashin bayan jazz, musamman tun zamanin su Charlie Parker, mai busa saksofon, a shekarun 1940, tafiyar nan ce ta 2-5-1, wato daga kod na biyu a jerin amo zuwa na biyar, sannan na ɗaya. A kan C, ita ce Dm7, G7, Cmaj7. Kowanne amo huɗu gare shi, amma biyu ne ke riƙe da shi, na uku da na bakwai in ka ƙirga jerin amo daga tushen kod ɗin. A Dm7, F da C. A G7, B da F. A Cmaj7, E da B. To duba: C ta sauko rabin taki ta zama B, F na nan daram. Sannan F ta sauko E, B ta tsaya. Zaren ke nan.

Tsakanin F da B taki uku ne cif, kunne kuwa ba ya natsuwa da wannan tazara sai ta warware. G7 kamar makaɗi ne ya ba da waƙa yana jiran 'yan amshi. Amo biyar ɗin da muka saba da su a yawancin waƙoƙinmu, C, D, E, G, A, babu F babu B a cikinsu. Shi ya sa ba sa ɓata maka kiɗa, amma ba sa ja.

Ka riƙe na uku da na bakwai na kowane kod kaɗai da hagu. Da dama ka yi yawonka, sai dai duk sanda kod ya sauya, ka sauka a kan na ukunsa a bugun farko. Ka rera da baki kafin ka taɓa.

In tafiyar ta zauna, sa Db7 a gurbin G7. F da B ɗin nan suna cikinsa, bes kuma sai ya gangaro D, Db, C sumul.

Maɓallin tiransfos kuwa, mai ɗaga maka amo ko sauke shi ba tare da ka sauya yatsu ba, don Allah ka ƙyale shi. Ka bi tafiyar a kan duka amo 12 da yatsunka, ka fara da F da Bb, don nan masu busa suka fi zama.