Filin Shari'a: Hukuncin Masu Shiga Gida Su Yi Fashi

Mafi yawan wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan a kan fashin cikin gida ne, saboda haka na zaɓi uku waɗanda amsarsu za ta wadatar da sauran masu tambaya. Kamar yadda muka saba, na sakaya sunayen waɗanda suka rubuto.

Tambaya ta farko, daga wani magidanci a Kano: Assalamu alaikum Barista. Kwanakin baya mutum uku suka haura katangar gidana da misalin ƙarfe biyu na dare, biyu riƙe da adda, ɗaya da gora. Suka ɗaure ni da igiyar shanya a gaban yarana, suka kwashe kuɗin cinikin shago da wayoyi da sarƙar maiɗakina, amma ba su ji wa kowa ciwo ba. An kama su, kuma cikin waɗanda aka kama har da ɗan maƙwabcina, wanda bai shigo ba, a bakin lungu ya tsaya yana yi musu gadi, sai dai shi ne ya gaya musu ranar da nake dawowa da kuɗi. Mahaifinsa ya zo da mai unguwa yana roƙon in janye ƙara, ya ce zai biya duk abin da aka ɗauka. Mene ne hukuncinsu, kuma ina da ikon yafewa?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah Ya mayar maka da alheri, Ya kiyaye gaba, Ya kuma cire wa yara firgicin abin da suka gani. Abin da zan faɗa maka yana da nauyi, kuma ya kamata maƙwabcinka ma ya ji shi kafin ya sayar da kadararsa yana zaton biyan kuɗi zai rufe maganar.

Doka ta rarrabe abubuwa uku da muke haɗawa a baki mu kira sata. Wanda ya lallaɓa ya ɗauki kaya ba tare da ya tsorata kowa ba, ɓarawo ne. Idan ya haura katanga ko ya ɓalle kwaɗo kafin ya ɗauka, laifin fasa gida ya hau kansa, kuma kundin Final Kod (Penal Code), wato kundin dokokin hukunta laifuka wanda ya fara aiki a Arewa tun 1960, ya tsananta hukuncinsa idan abin ya auku tsakanin faɗuwar rana da fitowarta. Da zarar kuwa ya yi wa mai gida barazana ko ya sa masa ƙarfi don ya raba shi da kayansa, ya zama ɗan fashi, kuma a nan ne wata doka ta daban ke shigowa, wato Dokar Fashi da Makamai ta 1984, wadda gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta kafa. Asalinta dokar 1970 ce ta zamanin Janar Yakubu Gowon, lokacin da bindigogi suka bazu a hannun jama'a bayan yaƙin basasa, har aka riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a a bakin teku a Legas. A da kotunan musamman ke yin wannan shari'a, amma tun 1999 aka mayar da ita hannun Babbar Kotun Jiha.

Sashe na 1 na dokar ya ce wanda ya yi fashi ba makami za a ɗaure shi abin da bai gaza shekara 21 ba. Idan kuwa yana ɗauke da bindiga ko wani makami, ko yana tare da mai ɗauke da shi, ko ya raunata wani, ko ya sa masa ƙarfi a jikinsa a lokacin fashin, to hukuncinsa kisa ne, ta hanyar rataya ko harbi. Mutane da yawa suna zaton sai an riƙe bindiga ake cewa fashi da makami, alhali dokar ta lissafa adda da mashi da wuƙa da kwari da baka da kulki, har da guntun itace ko ƙarfe ko kwalba ko dutse da za a iya cutar da mutum da shi. Ke nan adda da gorar da suka shigo da su sun isa, ko da ba a ɗiga jinin kowa ba. Ko wanda ya yi yunƙurin fashin da makami bai samu ɗaukar komai ba, ɗaurin rai-da-rai ne a kansa.

Game da ɗan maƙwabcinka, sashe na 6 bai bar masa mafaka ba, domin ya ce duk wanda ya taimaka, ko ya ba da shawara, ko ya haɗa baki, ko ya samar da bindiga, ana ɗaukarsa kamar shi ne ya aikata laifin da hannunsa, ko yana wurin ko ba ya nan. Idan an tabbatar a gaban kotu cewa shi ya nuna gidan kuma ya tsaya gadi yana sane da abin da za a yi, hukuncinsa ɗaya ne da na mai riƙe da adda. Abin da zai iya sauya lissafin shi ne shekarunsa, saboda dokokin gudanar da shari'ar laifuka sun hana yanke hukuncin kisa ga wanda bai kai shekara 18 ba a ranar da ya aikata laifin. Don haka iyayensa su nemo takardar haihuwarsa ko takardun makarantarsa tun yanzu, su kuma nema masa lauya, in ba su da hali su je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta a irin waɗannan manyan laifuka.

Batun yafewa kuwa, haƙƙinka na dukiya kana iya yafe shi tsakaninka da Allah, amma ƙarar ba taka ba ce. Kai shaida ne, gwamnati ce mai ƙara, kuma sashe na 211 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya ikon dakatar da shari'ar laifi a hannun Babban Lauyan Jiha. Ina gargaɗinka da babbar murya kada ka karɓi kuɗi bisa sharaɗin za ka canza bayaninka ko ka ƙi zuwa ba da shaida, domin karɓar wani abu don a kare mai laifi daga hukunci shi ma laifi ne. Abin da ya halatta gare ka shi ne ka faɗi gaskiya yadda take, har da cewa yaron bai shigo ba kuma ba a raunata kowa ba, sannan in zuciyarka ta yi sanyi ka rubuta wa Ma'aikatar Shari'a cewa an biya ka kuma ka yafe. Lauyoyin gwamnati ne ke duba fayil su zaɓi tuhumar da za su shigar, kuma irin wannan wasiƙa tana daga cikin abin da za su iya dubawa.

Da yake a Kano kake, wadda ke da kundin hukunce-hukuncen Shari'ar Musulunci tun 2000, ya kamata ka san cewa a can ma maganar ba ta da sauƙi. Wannan laifi shi ake kira hiraba, hukuncinsa yana cikin aya ta 33 ta Suratul Ma'ida, kuma malaman Malikiyya ba su taƙaita shi ga masu tare hanya a daji ba. Mukhtasar na Khalil ya ambaci wanda ya shiga lungu ko gida, da dare ko da rana, ya yi faɗa don ya ƙwaci dukiya, a cikin masu hiraba. Yafewar wanda aka yi wa fashi ba ta kawar da haddi, abin da aya ta 34 ta keɓe shi ne wanda ya tuba kafin a kama shi.

A nan zan faɗi ra'ayina, ko da wasu abokan aikina za su saɓa mini. Wanda bai taɓa kwana a ɗaure yana jin kukan 'ya'yansa ba bai kamata ya raina zafin wannan laifi ba, domin gida shi ne wurin da mutum ke ajiye tsoronsa ya kwanta, kuma na ga magidanta da suka sayar da gidajensu da arha saboda iyalinsu sun kasa sake yin barci a cikinsu. Duk da haka ina ganin kuskure ne doka ta ɗaure hannun alƙali ta ce kisa kawai, ba tare da ya iya auna wanda ya sari mutum da wanda ya tsaya a bakin lungu ba. A jihar Osun an yanke wa wani matashi hukuncin kisa a 2014 saboda shi da abokinsa sun shiga gida da adda da bindigar toka sun kwashi kaji da ƙwai, ya yi shekara 10 yana jiran rataya kafin Gwamna Ademola Adeleke ya yi masa afuwa a watan Disamba 2024. Gwamnoni kuma ba kasafai suke sa hannu a takardar zartar da kisa ba, in ban da abin da aka gani a jihar Edo a 2013 da 2016, shi ya sa mutum fiye da 3,000 ke zaune a gidajen gyaran hali da hukuncin kisa a kansu, ba a zartar ba, ba a kuma sake su ba. Da majalisa za ta ba alƙalai damar zaɓa tsakanin kisa da dogon ɗauri gwargwadon rawar da kowa ya taka, da mutane irinka ba su shiga wannan tsaka-mai-wuya ba, inda faɗin gaskiya ke nufin ran yaron da ya tashi a gabansu.

Tambaya ta biyu, daga wata baiwar Allah a Katsina: Barista, wani ya ɓalle ƙofar ɗakinmu da dare yana riƙe da wuƙa, maigidana ya buga masa taɓarya a ka, ya faɗi, kafin a kai shi asibiti ya cika. Yanzu maigidana yana tsare. Ashe mutum ba shi da ikon kare gidansa?

Amsa: Hajiya, Allah Ya kawo mafita, ki kwantar da hankalinki, yana da wannan iko. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulki, wanda ya tabbatar wa kowa 'yancin rayuwa, shi da kansa ya ce ba a tauye wannan 'yanci ba idan mutum ya mutu sakamakon ƙarfin da ya zama dole a yi amfani da shi don kare wani daga farmaki ko don kare dukiya. Final Kod ma, daga sashe na 59 zuwa gaba, ya yi bayanin kare kai, ya kuma ambaci fashi da fasa gida da dare cikin laifukan da kare dukiya daga gare su zai iya kaiwa ga kisa. Tsarewar da aka yi wa maigidanki ba hukunci ba ne, duk inda rai ya salwanta sai an yi bincike an aika fayil ga Ma'aikatar Shari'a, kuma Babbar Kotu ce ke da ikon ba da beli a tuhumar kisa, ba kotun majistare ba, don haka lauyansa ya nufi can.

Abin da kotu za ta auna shi ne lokaci da gwargwado. Bugu ɗaya ga mutumin da ke tsaye da wuƙa a ƙofar ɗakin barci cikin duhu kare kai ne a fili. Amma da ɓarawon ya faɗi, wuƙar ta suɓuce masa, sannan aka ci gaba da dukansa, ko ya haura katanga da gudu aka bi shi aka kashe, to an fita daga kariya an shiga ramuwa. Wannan ne ke sa mutanen unguwa da 'yan sintiri da suka taru a kan ɓarawon da aka riga aka kama suke samun kansu a gaban kotu da tuhumar kisan kai. Ku tabbatar wuƙar da ɓallallen kwaɗon suna cikin kayan shaidar da 'yan sanda suka rubuta, ku ajiye hoton ƙofar, kuma maƙwabtan da suka fara isowa su ba da bayanin yadda suka tarar da wurin.

Tambaya ta uku, daga wani ɗalibi a Zariya: Na sayi waya ta hannu a wurin wani, sai ga 'yan sanda sun bi sawunta sun ce an ƙwace ta ne a wani fashi. Ina cikin haɗari?

Amsa: Ɗana, maganar ba ƙarama ba ce, domin sashe na 5 na Dokar Fashi da Makamai ya tanadi ɗaurin rai-da-rai ga mai karɓar kayan fashi, kuma sashe na 167 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar ɗauka cewa wanda aka samu da kayan sata jim kaɗan bayan satar, ko dai shi ne ɓarawon ko ya karɓa yana sane, sai in ya yi gamsasshen bayanin yadda kayan suka zo hannunsa. Kubutarka tana cikin wannan bayani. Kada ka gudu, kada ka jefar da wayar ko ka goge abin da ke cikinta. Ka je da lauya ko wani babba a gidanku, ka nuna wanda ya sayar maka da wurin da aka yi cinikin, ka kawo rasit ko shaidar tura kuɗi ta banki da duk wanda ya halarci cinikin. Farashin da ka biya ma shaida ne, domin wanda ya sayi waya a kan kuɗin da ake sayar da irinta a kasuwa ya fi saurin gamsar da kotu fiye da wanda ya saye ta a kan kashi ɗaya bisa huɗu na darajarta cikin dare. Kada kuma ka sa hannu a kan wani bayani da ba ka karanta ba ko ba a fassara maka shi da Hausa ba.