Dalilin da ya sa na ce ka cire hotuna masu zagayawa

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa na sa ka cire hotunan nan biyar masu zagayawa da doguwar barka da zuwa daga shafin intanet na Alhaji mai jakunkunan fata, alhali a ganinka su ne adon shafin. Na ga ranka bai so ba, domin ka sha wahala a kansu.

Kai kana ɗaukar mai buɗe shafi kamar baƙon da zai zauna a kan tabarma a gaisa, a tambayi gida da gajiya. Shi kuwa mai wucewa ne ta layin 'yan fata a babbar kasuwar Sakkwato, ya waiga sau ɗaya, in bai ga abin da yake nema ba ya yi gaba. A 2006 masu bincike a Jami'ar Carleton ta Kanada sun riƙa haska wa mutane shafuka na kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa, kuma hukuncin da suka yanke kan kyan shafi ya yi kusan daidai da wanda suka yanke da aka ƙara musu lokaci. Kafin mutum ya karanta harafi ɗaya, idonsa ya gama magana.

Amma kada ka riƙa maimaita zancen da ake yayatawa wai hankalin ɗan Adam ya koma daƙiƙa takwas, bai kai na kifi ba. Wani rahoton Microsoft na 2015 ne ya baza shi, da aka bi diddigi kuma ba a samu binciken da ya tsaya masa ba. Mutumin da ya rufe shafinka nan take, shi ne zai zauna ya kalli ƙwallo minti 90 bai motsa ba. Hankalinsa lafiya lau yake. Haƙuri ne ba ya yi da abin da bai san amfaninsa ba.

Yanzu ga inda aikinka ya samu matsala. Hotunan nan ka ɗora su yadda suka fito daga kyamara, kowanne ya haura megabait uku. A kwamfutar shago sun buɗe fes, shi ya sa ba ka lura ba. Mai saye kuwa da ƙaramar Itel ko Tecno zai shigo, da datar da yake lallaɓawa, watakila daga Illela ko Tambuwal inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Farin allo zai yi ta kallo. Google sun fitar a 2016 cewa kashi 53 cikin ɗari na masu shiga shafi ta waya suna fita idan ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba, kuma ma'auninsu na yanzu shi ne babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi. Ka zaɓi hoto ɗaya, na jar jakar nan da ɗinkinta ya fito sosai, ka rage girmansa, ka mai da shi WebP, wato nau'in hoto mara nauyi da ke saurin buɗewa. Sauran huɗun su koma ƙasa, kada su sauko sai mutum ya gangara wajensu. Dama hoto na uku da na huɗu wa ke tsayawa jiransu?

Rubutun ma haka. Tun 1997 Jakob Nielsen ya gano kashi 79 cikin ɗari na mutanen da ya gwada tsallake-tsallake suke yi a shafi, kashi 16 kaɗai ke bin kalma da kalma. Don haka abin da ke saman allo, kafin yatsa ya taɓa komai, ya faɗi me ake sayarwa da inda shagon yake, farashi ya fito, maɓallin WhatsApp kuma ya yi girman da babban yatsa zai same shi ba kuskure. Mutanenmu ba sa son cike fom. So suke su yi magana da mai kaya su taya.

Launin tokar da ka sa wa rubutu a kan fari kuma, a cikin shago ne yake da kyau. Gobe da azahar ka fita da tsohuwar wayar da ke cikin durowa, ka kashe wayifai, ka buɗe shafin a tsakiyar rana ka gani ko za ka iya karanta farashin. Daga nan ka miƙa wa mai shayin bakin titi, ka ƙirga biyar, ka karɓe, ka tambaye shi me ake sayarwa. In ya yi shiru, da sauran aiki.

Alhaji zai nemi hotonsa da tarihin gidansu a sama, na sani. Kada ka yi masa musu, ka bar ni da shi. Za mu buɗe masa shafi na biyu ya ba da labarin jimar kakanninsa yadda yake so.