Tambayi Likita: Allurar Borin Jini Mai Tsanani Ta Yi Tsada, Ina Mafita?

Saƙonni huɗu na ware wannan makon, duka kan allurar adirenalin, wadda ake yi wa mutum idan borin jini ya taso masa da ƙarfi har numfashi ya fara gagara. Mu likitoci muna kiran wannan yanayi anafilaksis.

Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 7 jikinsa ba ya shiri da gyaɗa. An rubuta mana EpiPen, allurar adirenalin mai kamar biro da ke zuwa da maganinta a ciki, biyu a gida biyu a makaranta, kuma kusan duk shekara sai an sabunta. Bana inshorarmu ta canza, a kantin magani aka ce in kawo sama da dala 600. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Bronx, Amurka.

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana shi. Kukanki ya daɗe a bakin iyaye a can. A 2007 da kamfanin Mylan ya mallaki EpiPen, kwalin guda biyu bai wuce wajen dala 100 ba. Kafin 2016 ya haura 600, har majalisar dokokin Amurka ta kira shugabar kamfanin, Heather Bresch, ta yi bayani. Ruwan maganin da ke ciki kuwa ba shi da tsada ko kaɗan. Kuɗin na'urar da sunan da ke jikinta ake karɓa a hannunki.

To ki koma wurin likitan yaron, ki roƙe shi ya rubuta sunan maganin kansa, wato epinephrine, sunan da ake kiran adirenalin da shi a Amurka, kada ya ɗaure ki da sunan kamfani ɗaya. Tun 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da irin na kamfanin Teva, akwai kuma Auvi-Q da wasu, sannan a 2024 aka amince da neffy da ake fesawa a hanci. Ki buga wa kantuna biyu ko uku waya kafin ki fita, don farashinsu yakan bambanta sosai, ki kuma tambayi katin rangwame da kamfanonin ke bayarwa. Jihar New York tana da inshorar yara mai suna Child Health Plus, wadda ba ta duba matsayin takardun zama, ta kuma yi dokar da ta taƙaita abin da mai inshora zai biya wa wannan allura zuwa dala 100 a shekara daga 2026, ga inshorar da ke ƙarƙashin dokar jihar. Ki tambayi taku ko tana ciki.

Idan an canza miki samfuri, kada ki bar kantin sai an nuna miki yadda ake buɗe shi, domin kowanne da irin murfinsa. Malamar ajinsa ma a nuna mata.

Likita, bara ƙudan zuma ya harbe ni a gona, kafin minti goma jikina ya yi rudu-rudu, maƙogwaro ya shaƙe, na faɗi. Allah ya sa akwai asibiti kusa. An ce in nemi allura mai kamar biro, da na tambayi kuɗinta ta fi albashina. Mai kemis ya ce Piriton da hydrocortisone sun ishe ni. Gaskiya ne? Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Malam, ba gaskiya ba ne, kuma wannan shawara tana iya cin rai. Bari in faɗa maka abin da ya faru a jikinka ranar. Jijiyoyin jini ne suka saki gaba ɗaya, jini ya yi ƙasa, hanyar iska ta kumbura ta tsuke. Adirenalin ce kaɗai ke ɗaure jijiyoyin ta kuma buɗe hanyar iska cikin 'yan mintuna. Piriton ƙaiƙayi da kumburin fata yake ragewa, shi ma sai ya ɗauki lokaci. Hydrocortisone sai bayan sa'o'i yake fara aiki. Wanda maƙogwaronsa ke rufewa ba shi da sa'o'i.

Na san halin da ake ciki. Tun da aka saki darajar naira a 2023, duk maganin da ake shigowa da shi ya fi ƙarfin mai albashi, ita kuwa allurar biro dama can ba kasafai ake ganinta a kemis ɗinmu ba. Amma adirenalin ɗin kanta, a 'yar kwalbar gilashi mai miligiram 1 a cikin mililita 1, tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma tana cikin masu araha. Ka je wurin likitanka ya haɗa maka ƙaramin akwati: kwalabe biyu ko uku, sirinji mai ɗaukar mililita 1, da takarda mai ɗauke da awonka. Babban mutum rabin kwalba ake yi masa, wato mililita 0.5, a cikin tsokar cinya ta gefen waje. A tsoka, Malam, ba a jijiya ba har abada, don ta jijiya tana iya rikita bugun zuciya. Idan minti 5 ta wuce ba sauƙi, a ƙara.

Ba zan ɓoye maka ba, wannan hanya ba ta kai biro sauƙi ba. Mutumin da hannunsa ke rawa, idonsa na rufewa, da wuya ya fasa kwalba ya zuƙi daidai awo. Saboda haka kai da uwargida da wanda kuke zuwa gona tare ku zauna gaban nas, ku yi ta gwadawa da ruwan allura har hannu ya saba. Idan abin ya taso a kwantar da kai a ɗaga ƙafafu, in numfashi ne ya fi damunka a jingina ka a zaune, kada a miƙar da kai tsaye ko a ce ka taka zuwa mota. Kada a ɗura maka manja ko madara, shaƙewa za ka yi. Ko ka ji garau bayan allurar sai an kai ka asibiti, domin borin yakan dawo bayan wasu sa'o'i.

Dakta, ɗan'uwana ya kawo mini biro biyu daga Faransa, yanzu wa'adinsu ya wuce da wata biyar. In zubar? Ga kuma zafin garinmu. Daga wata baiwar Allah a Maraɗi.

Kada ki zubar sai sabo ya shigo hannunki. Akwai 'yar taga a jikin biron, ki ɗaga shi ki duba: ruwan ya zama garai-garai kamar ruwan sha. In ya sauya launi zuwa ja-ja ko ruwan ƙasa, ko kika ga gari-gari a ciki, ya lalace. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2017 kan birai 40 da wa'adinsu ya wuce, wasu da shekara 4, ya samu dukansu da aƙalla kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsu. Don haka ranar da abin ya taso, in shi kaɗai ne a hannunki, ki soka. Sai dai waɗancan ba su sha zafin watan Afirilu na Maraɗi ba. Maganin yana son awon zafi digiri 20 zuwa 25 a ma'aunin Celsius, ba ya son rana, ba a sa shi a firji, ba a barinsa cikin mota. Ki sa shi a gwangwani mai murfi ki ajiye a gindin randa, in za ki fita ki naɗe shi a tsakiyar jaka. Ki fara neman madadinsa tun yau, ko da na kwalba ne kamar yadda na yi wa malamin Zariya bayani.

Likita, shekara 3 muna sayen allurar nan ba mu taɓa amfani da ita ba. Anya yarinyar ba ta warke ba? Gyaɗa ce matsalarta. Daga wani uba a Kumasi.

Alhaji, borin madara da na ƙwai yara da yawa sukan rabu da shi in sun girma. Na gyaɗa kuwa, kusan huɗu cikin biyar da shi suke girma. Likitan da ya ƙware a fannin ne zai gwada ta a asibiti, da allura a gefe. Kada a gwada a gida da ɗan lakuce.

Na taɓa karɓar wani yaro da daddare, leɓɓansa sun kumbura, numfashinsa na fito kamar usur. Tsinke ɗaya na tsire ya ci a gidan biki. Biron yana cikin jakar mahaifiyarsa, ba ta soka ba, ta ce tana jira ta tabbatar abin ya kai, kada ta ɓarnatar da abu mai tsada haka. Da hannuna na ciro shi daga jakar na soka masa ta kan wando. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma ban manta da yadda hannun matar ke karkarwa ba. Ba ta san yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi ba. Ku ma ku lura da kilishi, da miyar taushe, da ɗanwake ko ƙosai da aka yi da man gyaɗa na gida, kuma duk gidan da yarinyar za ta wuni, a gaya wa matar gidan, a miƙa mata allurar hannu da hannu.