Majinyacin ƙanjamau mai shaye-shaye: wane horo ma'aikacin lafiya yake buƙata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu ƙanjamau a wani asibiti a Sabon Gari, Zariya. Samarinmu masu shan tiramadol da kodin sai su yi watanni ba su zo karɓar magani ba. Wane horo ne zai taimake mu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, don haka dole ki gamu da su a layin magani.

Farkon abin koyo shi ne iya tambaya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da takardar tantancewa mai suna ASSIST, tambayoyi 8 ne, minti 10 sun isa. Ga kowace ƙwaya ban da giya, maki 0 zuwa 3 haɗari kaɗan ne, 4 zuwa 26 sai gajeriyar shawara nan take, 27 zuwa sama kuwa sai a tura majinyacin ga likitocin ƙwaƙwalwa, a asibitin koyarwa na Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, Kaduna. A yi wa kowa tambayar, a keɓe, ba a gaban uwa ko mata ba. Wanda aka tsare da ido aka ce masa "kai ɗan ƙwaya ne ko?" ba zai faɗi gaskiya ba, kuma da wuya ya dawo. Shi ya sa horon da babu gwaji a aikace, ɗaya ya zama majinyaci ɗaya ma'aikaci, da wuya ya canza wani abu.

Kuskuren da ya fi damun mu shi ne riƙe maganin ƙanjamau wai sai mutum ya daina sha. Kada a yi haka. A ci gaba da ba shi, a haɗa shan maganin da abin da ba ya tsallakewa kullum, a samu amintaccen mai tuna masa. Idan gwaji ya nuna ƙwayar cutar ta haura 1,000 a mililita ɗaya na jini, a tambayi batun shaye-shaye a zaman shawara kafin a zargi maganin.

A kuma koyi gane ciwon yankewa, wato ciwon da ke tasowa idan wanda ya saba da ƙwaya ya daina sha kwatsam: hamma, majina, gudawa, ciwon gaɓoɓi. Sau da yawa ana ɗaukarsa zazzaɓin cizon sauro. Tiramadol mai yawa yana jawo farfaɗiya. Wanda aka kawo numfashinsa ya ja baya, ƙwayar idonsa ta tsuke, alama ce ƙwaya ta yi masa yawa; allurar naloksan, mai karya ƙarfin ƙwayoyi irin su kodin, yake buƙata, miligiram 0.4, a maimaita bayan minti 2 zuwa 3 in bai farfaɗo ba, ana taimaka masa da numfashi.

Ga wanda ke kan metadon, wato maganin da ake ba mai jarabar irin waɗannan ƙwayoyi a madadinsu, rifamfisin na tarin fuka da efabirenz na ƙanjamau suna rage ƙarfinsa a jini, sai ciwon yankewa ya taso ya koma wa ƙwaya. Dolutegirabir, wani maganin ƙanjamau, ba ya yin haka. Mai yi wa kansa allurar ƙwaya a jijiya a gwada shi ciwon hanta nau'in B da C.

Bayan an tura mutum, a bi sawunsa ta waya cikin mako guda a ji ko ya je.