Shin in sayi babur ɗin KTM bayan matsalar bashin da kamfanin ya shiga?

Malam, ka tambaya ko sayen KTM 390 ba jefa kuɗi a rijiya ba ne, tunda ka ji kamfanin ya karye. Bai rufe ba, amma ya sha da ƙyar.

A ƙarshen Nuwamba 2024 ne KTM ya nemi kotu a Ostiriya ta ba shi damar sake tsara bashinsa, wanda ya kusa Yuro biliyan 2. Sun ƙera babura fiye da yadda kasuwa za ta ɗauka, kaya suka jibge a hannun diloli. A Fabrairu 2025 masu bin bashi suka amince su karɓi kashi 30 cikin 100. Bajaj na Indiya, mai yin Boxer ɗin da 'yan acaɓa ke hawa, shi ya zuba kuɗin, kuma yanzu ragamar tana hannunsa.

A ganina wannan ya sauƙaƙa maka. Ƙananan samfuran, daga 125 zuwa 390, dama Bajaj ke haɗa su a Chakan kusa da Pune a Indiya, don haka tsayawar aiki da masana'antar KTM da ke Mattighofen a Ostiriya ta yi har sau biyu ta fi taɓa masu manyan babura, waɗanda kayan gyaransu ke fitowa daga Turai.

Abin da ya fi damuna shi ne garanti. Kafin ka biya ko sisi, ka sa dilan ya rubuta maka wanda zai ɗauki nauyin gyara, ka kuma tambayi bakaniken da ya san injin ko ana samun filtar mai da takalmin birki a kusa. In samfurin ya daɗe a shago, duba batir da tayoyi, sannan ka taya ƙasa sosai.